Yadda ake rubuta wa matasa labarin abota a gidan kangararrun yara

Da fari ka san gidan da kake magana a kai, don marubuta da yawa cakuɗa gidajen suke yi. Gidan ajiye yara irin na Goron Dutse a Kano na gwamnatin jiha ne. Wasu yaran ciki jiran shari'a suke, wasu iyaye ne suka kai su don sun gagara. Bostal kuwa, ta Kaduna da Ilori da Abekuta, tana ƙarƙashin Hukumar Gidajen Gyaran Hali, wadda ta samu wannan suna a 2019, kuma 'yan shekara 16 zuwa 21 doka ta tanadar wa ita. Jaruminka ɗan shekara 13 ba shi da abin yi a can.

Nemi izini a rubuce kafin ka je. Ban da hoto, ban da sunan kowa, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana fallasa yaron da ke gaban shari'a. In an hana ka shiga, nemi ma'aikacin da ya yi ritaya, ka riƙa masa goro. Kar ka tambaye shi halin yaran, wa'azi zai yi maka. Tambaye shi ƙarfe nawa ake ƙirga su, wa ke raba abinci, me uwa ke kawowa ranar ziyara.

Yanzu ga inda aikin yake, wato abotar. Masu ba da shawara za su ce ka sa jarumin ya zama wanda aka yi wa sharri don mai karatu ya tausaya masa. Kar ka saurare su. Ko Louis Sachar, da ya yi hakan a littafinsa Holes na 1998, sai da ya sa abokin jarumin ya zama shi ne ya ɗauki takalman da aka kama ɗayan a kansu. A naka labarin, aƙalla ɗaya cikin abokan biyu ya aikata abin da ake tuhumarsa, ƙwacen waya ne ko sholisho, kuma ɗayan ya sani ya zauna da shi a haka.

Kar su shaƙu a babin farko. A irin wannan gida yarda tsada gare ta, sabon zuwa kuma kowa auna shi yake. A fara da ciniki: rabin sabulu, wurin kwana nesa da bokitin fitsari, ɗaya ya iya karatun boko ya rubuta wa ɗayan wasiƙa zuwa gida. Bashi ne tukuna, ba ƙauna ba. Sai ranar da ɗaya ya ba da abu bai nemi ramuwa ba, kai kuma marubuci ka kame bakinka, kar ka bayyana ma'anarsa. Ɗan sakandare ya fi ka saurin ganewa.

Gandiroba azzalumi guda ɗaya ya isa. Sauran ka bar su mutane masu jiran albashi.

Babi gajere, shafi huɗu ko biyar, don a waya za a karanta. Ni takarda da biro nake fara yi, littafin makaranta mai shafi 80, ba ya wuce kuɗin cefane kaɗan.

Abu na ƙarshe, beli. Ɗaya za a saki, ɗaya ya zauna, haka yake faruwa. Ka rubuta wannan babin tun kafin na tsakiya, sannan ka ba yara biyu ko uku su karanta a gabanka, ka lura da shafin da suka gaji suka ɗauki waya.