Wace Wuƙa Ce Ta Dace Da Aikin Sansani?

Yawancinmu mun baro gida ba tare da kayan aiki ba, kuma kuɗin da ke hannu ba ya isa a sayi wuƙa biyu ko uku. Idan guda ɗaya za a saya, a nemi matsakaiciya, wadda tsawon ruwanta yake tsakanin santimita 10 zuwa 12. Ba sai an nemo ma'auni ba: a ɗora ruwan wuƙar a kan tafin hannun babban mutum ta faɗinsa. In ya zarce tafin da kamar yatsa ɗaya ko biyu, ita ce.

Dalili shi ne irin aikin da muke yi kullum: yanke igiyar tamfol, fiƙe turke, gyara karan zana, feraye kabewa, gyaran kifi, yanka kaza. Duk waɗannan aikin kusa da yatsu ne. Doguwar wuƙa mai santimita 20 ko fiye tana gajiyar da wuyan hannu, tsininta kuma yana nesa da inda mutum ya riƙe, saboda haka ta fi saurin zamewa. Ƙaramar mai naɗewa tana da daɗin ɗauka, amma mahaɗarta ba ta jure aiki mai nauyi, tana iya rufewa a kan yatsa.

Kafin a biya kuɗi a duba ƙota. Wadda ƙarfenta ya ratsa cikin ƙotar har ƙarshe ta fi ƙarko, za a ga ƙarfen a tsakanin katako biyu da ƙusoshi. Wadda aka soka ɗan siririn ƙarfe kawai tana kwancewa bayan an jima. Maƙeri zai gaya muku gaskiya in kun tambaye shi. Da irin mai ƙarkon ana iya faskara ƙaramin icce: a ɗora kaifin a kan iccen, a riƙa buga bayan wuƙar da sanda, ba da dutse ba. Sai dai kaurin iccen kada ya kai tsawon ruwan. Abin da ya wuce haka aikin adda ne ko gatari, kuma adda ɗaya tana isar gidaje uku in maƙwabta sun fahimci juna.

Akwai wani dalilin da ya fi waɗannan nauyi, mu da muke fassara a ofishin kariya mun san shi. Saurayin da aka tsayar a shingen bincike da doguwar wuƙa a ƙugu, ga shi ba ya jin harshen jami'in da ya tsayar da shi, zai sha wuya kafin ya bayyana cewa icce ya je nema. Don haka mai fita daji ya sa wuƙar a kube cikin buhu tare da igiyarsa, ya riƙe takardar shaidarsa, ya tafi cikin jama'a da rana. Zuwa kasuwa, makaranta ko wurin rabon abinci kuwa, a bar ta a gida. Iyaye mata, kada ku ɗauka wuƙa za ta tsare ku a daji. Tafiya cikin ayari ta fi.

A cikin tanti ba mu da kanta mai tsawo, yara kuma suna rarrafe ko'ina. A soke ta cikin kube a sama wajen sandar rufi, ba ƙarƙashin tabarma ba. A riƙa wasa ta, domin dakusasshiya sai an danna da ƙarfi, nan ne take kuɓucewa. Wanda ya yanke, ya wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, ya danne da ƙyalle mai tsabta, ya je asibitin sansani a ranar, ya tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar tetanus.