Fitilar Yumɓu da Man Ajiya

Karatu: Matiyu 25:1-13

'Yan'uwa cikin Almasihu, in kun ji an ce fitila a wannan misali, kada hankalinku ya tafi kan tocila ko fitilar ƙwai. Ku tuna da fitilar kasko ta kakanninmu a ƙauyukan bakin Binuwai: ɗan kasko, man gyaɗa ko man kaɗe, da lagwanin auduga.

Helenawa ma da kasko buɗaɗɗe suka fara. Wajen shekara 400 kafin haihuwar Almasihu, maginan tukwane na Atina sun riga sun tanƙwaso bakinsa ciki don kada mai ya zube, suka yi masa ɗan hanci inda lagwani ke leƙowa, suna kuma shafe shi da baƙin ruwan yumɓu domin kada ya tsotse man zaitun. Wannan fasali ya bazu har Yahudiya. Irin wadda masu tonon ƙasa suke yawan samu a Urushalima, ta zamanin Hirudus, tafin hannu ɗaya yana ɗauke ta. Man cikinta 'yan sa'o'i kaɗan yake yi. Waɗansu malamai sun ce kalmar Helenanci da Matiyu ya mora tana nufin sanda mai tsumma da ake jiƙawa da mai. In haka ne, ai wannan ta fi ma saurin shan mai.

To, ga abin lura. 'Yan matan nan goma duk suna da fitila, duk an gayyace su, duk kuma barci ya kwashe su. Da magariba ba mai iya rarrabe su. Sai da ango ya makara har tsakar dare aka san masu mai a ajiye.

Mutane sukan ce masu hikimar sun yi rowa. Ni ban ga rowa ba. A raba ɗan man nan gida biyu, fitila goma su mutu a hanya, wa zai haskaka wa ango?

Ɗan'uwa, katin baftisma fitila ce. Haka anko na zumuntar mata, haka kujerarka a ƙungiyar mawaƙa. A Garwa in an ɗauke wuta, maƙwabci zai ara maka ashana, har da kananzir. Amma addu'ar matarka ba ta zama tubanka, bangaskiyar mahaifinka kuma ba a rubuta ta da sunanka ba. 'Yan mata biyar ɗin sun tafi sayen mai, sun kuwa dawo, sai dai an riga an kulle ƙofa.

Gobe za mu duba Matiyu 5:14-16, inda ake ɗora fitilar.