Darasin Mako: Ina Saƙonmu Ya Maƙale?

Darasinmu na wannan mako a kan imel ne, kuma akwai dalilin da ya sa muka zaɓe shi.

A zangon da ya wuce, ƙungiyarmu ta 'yan jarida ta aika rubutun mutum biyu zuwa wata gasar rubutu ta makarantu. Muka yi ta jira, shiru, har muka cire rai. Ashe an amsa mana tun tuni. Ɗaya daga cikinmu ta tsallake zuwa zagaye na biyu, an ba ta kwana biyar ta tabbatar za ta zo. Ranar da muka ga saƙon, wa'adin ya wuce da kwana shida. Yana kwance a cikin akwatin tarkace, wanda aka rubuta Spam a kansa, akwatin da babu wanda ya taɓa buɗewa a cikinmu. Ranar ta yi kuka, mu ma jikinmu ya yi sanyi. Daga nan muka takura wa malamin kwamfuta da tambayoyi, muka kuma yi karatu. Ga abin da muka koya.

Da farko, saƙon imel ba ya tashi daga wayarka ya faɗa wayar abokinka kai tsaye. Idan ka danna aikawa, yana zuwa wata babbar kwamfuta ta kamfanin da ya ba ka adireshi, ana kiran ta saba. Ita za ta duba abin da ke bayan alamar @, ta gano sabar da ke karɓar wasiƙun wancan ɓangare, ta miƙa mata. Can saƙon zai zauna har mai shi ya buɗe. Wato abin da ke gaban @ sunan mutum ne, abin da ke bayanta kuma gidan wayarsa ne. Wani injiniya ɗan Amurka, Ray Tomlinson, shi ya zaɓi wannan alama a 1971. Ƙa'idar da sabobi ke bi wajen miƙa wa juna saƙo kuwa, SMTP, an rubuta ta a 1982, kuma har yau da ita ake aiki bayan gyare-gyare.

To matsalar ita ce, lokacin da aka tsara wannan ƙa'ida masu amfani da ita kaɗan ne, akasari 'yan jami'a da masu bincike, kuma sun yarda da juna. Ba a sa mata hanyar tabbatar da cewa mai aikawa shi ne wanda ya ce shi ne ba. Kowa yana iya rubuta sunan da ya ga dama a matsayin mai aikawa, kamar yadda za ka iya rubuta sunan wani a bayan ambulan. Ga shi kuma aika saƙo miliyan kusan kyauta ne, babu kan sarki da za a saya. Masu talla da 'yan damfara suka ga banza ta faɗi.

Tallan da ake ɗauka shi ne na farko irin wannan, wani ma'aikacin kamfanin kwamfuta mai suna Gary Thuerk ne ya aika shi a watan Mayu na 1978, ga mutane kusan 400. Sun yi fushi ƙwarai. Sunan Spam kuma asalinsa na wani naman alade ne na gwangwani da kamfanin Hormel ya fara sayarwa a 1937. A 1970 wasu 'yan barkwanci na Ingila, Monty Python, suka yi wasan talabijin inda ake ta maimaita sunan har ya hana kowa jin magana. Daga nan sunan ya bi duk saƙon da ke cika wa mutum akwati ba tare da ya nema ba. Abin kunya, akwai irin da duniya ta laƙaba wa ƙasarmu, wato 419, wanda lambar wani sashe ce a dokar laifuffuka ta Nijeriya mai hukunta damfara. Shi ne saƙon da ake ce maka wani attajiri ya mutu ya bar dukiya, ka turo kuɗi kaɗan a fito da ita.

Saboda haka kamfanonin imel suka sa rariya. Kowane saƙo sai an tankaɗe shi kafin ya shiga akwatinka. Rariyar tana duba daga wace saba ya fito, ko an san ta da aika tarkace. Tana duba kalmomin ciki. A 2002 wani masani, Paul Graham, ya yaɗa wata dabara mai kyau: a nuna wa kwamfuta tarin saƙonni na gari da tarin na banza, ta ƙirga waɗanne kalmomi suka fi fitowa a kowane, sannan ta auna sabon saƙo da wannan lissafi. Tana kuma koyo daga mutane. Duk lokacin da wani ya danna cewa wannan tarkace ne, ya ƙara mata ilimi. Kamfanin Google ya ce a 2023 Gmail yana tare saƙonnin banza kusan biliyan 15 kowace rana.

Amma rariya ba ta san gasar rubutu ba. Ku duba saƙon da aka aiko mana: yana ɗauke da "muna taya ku murna", da "kin yi nasara", da "a amsa cikin gaggawa", ga kuma wani adireshi da aka ce a danna. Wallahi ko mu aka ba aikin, da mun yi zarginsa, don haka 'yan damfara suke rubutu.

Akwai kuma abu na biyu da ya haɗu da wannan, kuma nan ne namu laifin yake. Adireshin ƙungiyarmu yana wani kamfani, na malamin da ke kula da mu yana wani. Don sauƙi, aka saita akwatinmu ya riƙa tura duk saƙon da ya shigo zuwa na malam, ya gani a wayarsa. Tun daga ranar ba mu sake buɗe namu ba. Abin da ba mu sani ba shi ne turawa tana rikita bincike. Yau masu aika saƙo suna wallafa jerin sabobin da suka yarda su yi aike da sunansu, ana kiran tsarin SPF. Mai karɓa yana duba jerin. To saƙon da aka tura gaba yana isowa ne daga sabar tsakiya, wadda ba ta cikin jerin mai aikawa na asali. Kamar a ce an san ɗan aiken gidanku, sai ga wani baƙo ya zo da wasiƙa ya ce daga gidanku take. Akwai wani tsari, DKIM, mai kama da hatimi a jikin saƙon, wanda yakan tsira idan ba a taɓa rubutun a hanya ba. Idan babu hatimin, ko ya lalace, sai zargi ya ƙaru. Saƙonmu ya shiga akwatin ƙungiya lafiya lau, a wajen malam ne rariya ta jefa shi tarkace. Da ɗayanmu ya buɗe akwatin ƙungiya ko sau ɗaya a mako, da mun gan shi.

Ku lura da wani abu kuma. Gmail ba ya tura abin da ya riga ya sa a tarkace, kuma yana share shi bayan kwana 30. Ke nan saƙo yana iya maƙalewa a akwatin farko ko a na biyu, kuma ba zai jira ka har abada ba.

Wasu sun tambaye mu ko dai sabar ce ta mutu a ranar. Saba takan tsaya, ko ta manyan kamfanoni. A ranar 14 ga Disamba 2020 ayyukan Google, har da Gmail, sun tsaya na kusan awa ɗaya a duniya. Sai dai an gina imel da haƙuri. Idan sabar mai karɓa ba ta amsa ba, ta mai aikawa tana riƙe saƙon tana sake gwadawa, yawanci har kwana huɗu ko biyar, kafin ta dawo maka da shi ta ce ya ƙi shiga. Wannan saƙon da ke dawowa da Turanci mai wuya, kada ku share shi, a ciki ake faɗin dalili. Sau da yawa harafi ɗaya ne aka kuskure a adireshi.

Yanzu mun raba aiki. Duk Litinin da Alhamis mutum biyu suna buɗe akwatin ƙungiya a ɗakin kwamfuta, su duba har da tarkace. Idan suka ga saƙon gaskiya a can, suna danna cewa ba tarkace ba ne, su ajiye adireshin mai aikawa cikin jerin abokan hulɗa. Idan kuwa an nemi kalmar sirri ko lambar banki, ba sa danna komai, malam suke kira. Yayyenmu na babbar sakandare masu shirin rajistar jarrabawa, ku ma abin ya shafe ku, musamman wanda aka buɗe wa imel a shagon kwamfuta bai ma riƙe kalmar sirrinsa ba.

Ga aikin gida ga masu son lissafi. Kamfanonin imel sukan yi alkawarin cewa sabarsu za ta yi aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci. Shekara tana da awa 8,760, don haka abin da ya rage awa 8 ne da kusan minti 46. To idan wani kamfani ya ce kashi 99 kawai, kwana nawa ke nan a shekara akwatinka zai iya kasancewa a rufe? A kawo amsa ofishin ƙungiya kafin ranar Juma'a, za mu liƙa sunayen mutum uku na farko a wannan allo.