Yadda Ake Ajiye Wake Daga Kaka Har Bazara

Manomin da ya kai wakensa kasuwar Makarfi ranar Laraba a tsakiyar kaka, yadda aka taya haka zai sallama. Riba tana wajen wanda ya riƙe har bazara, in ƙwaro ya bar masa. Rumbun da ake gani a ƙauyukan Ikara da Hunkuyi yana riƙe damin dawa da gero, amma casasshen wake ba ya daɗewa a ciki bai huje ba.

Fara da shanya, domin nan aka fi yin garaje. Baza waken a kan tamfol ya sha rana sosai. Ciji ƙwaya ɗaya, in ta fashe ƙas to ta yi. In kana kokwanto, zuba ɗan wake da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba, ka rufe ka girgiza. Muddin gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima, mayar da shi rana. Daga nan a sheƙe, a tsince hujajje, a bar shi ya huce a inuwa.

Sai ka nemi buhun PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ce masu kauri a cikin buhu ɗaya. Duba kowace leda da kyau, ko hujin allura ya isa ya ɓata aikin. Ɗura waken, ka bar wurin ɗauri, ka matse iskar ta fita, ka murɗe bakin ledar ciki, ka lanƙwasa shi ka ɗaure tam. Haka za ka yi wa ta biyu, sannan buhun, kowanne da ɗaurinsa. Rashin iska ke kashe ƙwaron, saboda haka ba a kwancewa don a ɗebi tiya ɗaya ta ƙosai. Na cefanen gida a ware shi a jarka tun farko.

Jera buhunan a kan katako, nesa da bango, ka toshe ramukan ɓera a sito.

Fiya-fiya kuwa, kada ma ta kusanci wake. Irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015, kuma waken da aka yayyafa wa ita tukunyar wani zai shiga.