Shawarwari ga Gidajen Masihiyawa: A Sama wa Addu'a Wuri Cikin Hidima

A ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan babu watan da manomi ke zaune. Da an shigar da masara da dawa sai saran rake da dafa mazarƙwaila, kafin a huta fadama ta kira: tumatir, tattasai, albasa, ban ruwa dare da rana. In aiki ya yi yawa, addu'a ce ake fara ragewa, don ita ba ta bin kowa bashi a ƙofar gida.

1. A yanka mata lokaci. "In na samu sarari" ba ya zuwa. Maƙwabtanmu Musulmi suna riƙe da lokutan sallarsu biyar ko da ranar kasuwa ce, kuma akwai abin koyi a nan. Kiran sallar asuba ma ya ishe mu agogo. Markus 1:35 ta nuna Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya keɓe don addu'a, bayan yinin da jama'a suka yi masa cincirindo. Daniyel kuwa, yana babban ma'aikacin sarki, sau uku yake durƙusawa kullum. Minti 15 kafin a ɗauki fartanya sun isa a fara.

2. A kashe rediyo, a bar waya a ɗaki har a ce amin. Farashin kwandon tumatir zai jira.

3. A karanta kaɗan, a yi shiru. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Likita Walter Miller da abokan aikinsa suka sha wahala a kai. Zabura 150 ce. Ɗaya kullum, wata biyar an sauke. Yaron da ke makaranta ya karanta wa kakanninsa. In ya gama kada kowa ya yi saurin buɗe baki. Wannan shirun yana da wuya da farko, amma a cikinsa maganar ke sauka a zuci.

4. Maigida, ka sauke wa uwargida nauyi. Wannan ce ta fi damuna. Mukan yi wa'azi a kan Marta da Maryamu (Luka 10:38-42), mu yabi Maryamu da ta zauna tana sauraro, sannan mu koma gida mu bar mace ɗaya da ɗiban ruwa, da hura wuta, da surfe, da wankan yara, da kai abinci gona. Yaushe za ta zauna? In an kira addu'a tana jin ƙaurin tuwo daga madafa, jikinta ne kawai a wurin. Samari su ɗebo ruwa tun da yamma, a tara itace, a sa lokacin addu'a inda babu tukunya a kan murhu. Inda akwai surukai a gida ɗaya, a yi karɓa-karɓa.

5. A rage hidimar ekklisiya ma. Yau koyon waƙa, gobe Zumuntar Mata, jibi zaman kwamiti, gata gudummawar gini. Duk aikin Ubangiji ne, amma mutum yana iya kwana bakwai a majami'a bai yi magana da Allah shi kaɗai ba. Ko kana Angilika, ko ECWA, ko Baftis, ka riƙe hidima ɗaya ko biyu, ka gaya wa fasto gaskiya cikin ladabi.

6. Lahadi tun Asabar ake shirya ta. A yi ban ruwa da yamma, a gaya wa dillali ranar ɗiba tun da wuri. Wani lokaci za a yi asarar ciniki, ba na ɓoye wannan.

7. A ba yara labarin waɗanda suka riga mu. A 1913 zuriyar Isawa, wato masu girmama Annabi Isa, suka sadu da Miller a Zariya, aka kafa mazaunin Kirista a Gimi; ciwon barci ya kashe da yawa, saura suka watse, amma ba su bar bangaskiya ba. A yi godiya dominsu, sannan a ambaci marasa lafiya da matafiya da maƙwabta, Kirista da Musulmi, kowa da sunansa.

Kada a ɗauki bakwai ɗin nan gaba ɗaya. Ku zauna da iyali yau da dare ku zaɓi lokaci, gobe da asuba ku buɗe Zabura ta 1.