TARKON ƘUDAN 'YA'YAN ITACE: JAGORA GA MASU LAMBU

Sau da yawa mangwaro yakan nuna, fatarsa sumul, amma da an yanka sai a tarar da tsutsa a ciki. Wannan ɓarna aikin wani ƙuda ne mai ratsin rawaya, wanda girmansa ya yi kusa da na ƙudan gida. Macen ce take huda fatar ɗan itacen, ta zuba ƙwai a ƙarƙashinta. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, sai tsutsa ta cinye naman, ɗan itacen ya ruɓe ya faɗi. Daga nan tsutsar ta shige ƙasa, bayan kamar kwana 10 ta fito ta zama sabon ƙuda.

Wanda ya fi ɓarna cikinsu shi ne wanda masana suke kira Bactrocera dorsalis. Asalinsa daga nahiyar Asiya ne. An fara ganinsa a Afirka a ƙasar Kenya cikin 2003, kuma cikin 'yan shekaru ya yaɗu har ya iso Nijeriya. Yana lalata mangwaro da lemu da gwaiba, ko a Binuwai ko a Kano.

Yadda Tarkon Yake Aiki

Akwai wani sinadari mai ƙanshi da ake kira metil yujinol. Namijin wannan ƙuda ba ya iya jin ƙanshinsa ya wuce, yakan biyo shi daga nesa. Ƙudan da ke lalata kankana da kabewa kuwa, nasa sinadarin dabam ne. Saboda haka wajibi ne manomi ya gaya wa malamin gona irin abin da ya shuka kafin ya saya.

Haɗa Tarko

1. A sami gorar roba mai murfi, a huda ƙofofi 4 a kafaɗarta, kowace daidai shigar ɗan yatsa.
2. A jiƙa auduga da sinadarin, a haɗa da ɗan maganin ƙwari, a rataye ta da waya a cikin gorar.
3. A rataye gorar a reshe, cikin inuwa, kamar mita 2 daga ƙasa.
4. A shafa man giris a jikin wayar don hana tururuwa shiga.
5. A sabunta audugar bayan kamar mako 6.

Ƙidaya

Babban amfanin tarko shi ne ya sanar da manomi lokacin da ƙuda ya shigo, da kuma yawansa. A kafa shi tun itace yana fure. Kowane mako, a rana ɗaya, a zazzage matattun ƙudajen, a ƙidaya, a rubuta a littafi. Misali, idan tarko 4 suka kama ƙuda 140 cikin kwana 7, to kowane tarko yana kama ƙuda 5 ke nan a rana. Idan adadin yana hawa mako bayan mako, musamman da faɗuwar damina, lokacin ɗaukar mataki ya yi.

Abin Lura

Kada manomi ya ga gora cike da ƙuda ya zaci an gama yaƙi. Maza kaɗai tarkon yake kamawa, matan kuwa suna nan suna ƙwai. Don haka dole a riƙa tsince 'ya'yan da suka faɗi, a binne su cikin rami mai zurfin da bai gaza rabin mita ba, ko a ɗaure su cikin baƙar leda a shanya a rana. Akwai kuma abincin yaudara mai guba wanda ke jawo matan, malamin gona zai nuna yadda ake fesa shi. Haka kuma ya kamata maƙwabta su haɗa kai, domin ƙuda bai san iyakar gona ba.

A ajiye magani inda yara ba za su kai ba, a wanke hannu da sabulu bayan aiki. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi ofishin aikin gona mafi kusa da shi. Rigakafi ya fi magani.