Darasi: Daga Ƙauye Zuwa Bariki

'Yan'uwa, tun ran 1 ga Agusta 1961 da aka kafa rundunar sojan Nijar, samarinmu suna shiga aikin soja. Yaro ya gama horo, ya dawo da kaki, a yi masa aure. Wata rana sai takarda ta zo, an mai da shi Difa, ko Agadas, ko Tawa. Soja ba ya cewa, "Sai na gama girbi." Matarsa ta ɗaure tukwanenta, ta goya ɗanta, ta bi shi. Darasinmu na yau domin wannan iyali ne, da mu da aka bari a gida.

1. Babu rumbu a bariki

A ƙauye mace takan ɗebo hatsi daga rumbu, ta tsinko kuɓewa a bayan gida. A bariki kuwa kome sai an saya, har itace da gawayi. Albashi sau ɗaya yake zuwa a wata. Wanda ya cinye shi cikin kwana 10 zai yi kwana 20 yana cin bashi, bashi kuwa yana kawo faɗa cikin ɗaki. Saboda haka ranar da kuɗi ya shigo, miji da mata su zauna tare. A fara sayen buhun hatsi. A ware na magani, da na makaranta, da abin da za a aika wa iyaye. A ajiye wani abu, ko jika 2 ce, kada a taɓa.

2. Baƙo makaho ne, ko da yana da ido

Daga Maraɗi zuwa Difa kusan kilomita 700 ne, ta Damagaram da Gure. Mutanen can yawancinsu Barebari ne. A cikin bariki kuma ga Bazabarme, ga Bafillace, ga Buzu, ƙofa tana duban ƙofa. 'Yar'uwa, kada ki rufe ɗaki kina kukan gida. Ki koyi gaisuwa da harshen maƙwabciyarki. Ki nemi dattijuwa guda mai kamun kai, ta nuna miki kasuwa da asibiti. Amma ki kiyayi gulma a bakin famfo. Igiyar da ke kafaɗar mijin wata ba ta ba ta ikon raina kowa ba, ke ma haka.

3. Maigida ba shi da ikon lokacinsa

Ana iya kiransa da tsakar dare, ya yi watanni bai dawo ba. Ran 6 ga Fabrairu 2015 'yan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa, mata da yawa suka kwana ba barci suna jiran labarin mazansu. Tsoro ba abin kunya ba ne. Amma a yi shiri tun ana zaune lafiya. Maigida, ka nuna wa matarka inda takardun aure da na haihuwar yara suke. Ka faɗa mata wanda za ta nema in wata matsala ta taso. Uwargida, kada ki faɗi ta waya inda aka tura mijinki, ko ga uwarki, gama rayukan mutane suna cikin wannan magana. In ya dawo yana shiru, ko yana firgita cikin barci, kada ki ce ya daina sonki. Ki ba shi lokaci. In abin ya daɗe, ku ga likita.

4. Yara ma baƙi ne

Yaro ya bar kakarsa da abokan wasansa, bai kuwa san yadda zai faɗa ba. Kafin a tashi, a karɓi takardarsa daga tsohuwar makaranta, domin kada ya yi hasarar shekara. A riƙa ba shi labarin gida da dare, ya san sunayen danginsa.

5. Mu da muke gida

Zumunta a ƙafa take. Kada mu tuna da ɗanmu ranar albashi kaɗai. Shi ma yana da bakuna da yake ciyarwa. Da kaka, lokacin da hatsi yake da yawa, mu aika musu da tiya 10, da kuka, da daddawa. Mu kira surukarmu mu tambayi lafiyarta. In haihuwa ta matso, wata daga cikin iyaye ta je ta zauna da ita.

Tambayoyi domin iyali

1. Wa muke da shi a bariki, yaushe rabonmu da gaishe shi?
2. In maigida ya yi wata 3 ba ya nan, uwargida ta san abin da za ta yi?
3. Me za mu aika musu a wannan kaka?